Tallafa wa Raunanan Rassan Itatuwan Marmari da Igiyar Ƙarfe

Karyewar reshe a lambun mangwaro asara ce da ta wuce ta 'ya'yan da suka zube a ranar, domin reshen da ya tsage daga uwar bishiya yakan tafi da ɓawo da wani sashe na gangar jiki, ya bar rauni mai faɗi wanda ruɓa da gara ke shiga ta cikinsa shekara da shekaru. A ƙasar Hausa lamarin ya fi tsanani, ganin cewa mangwaro kan cika nauyi tsakanin Maris da Mayu, daidai lokacin da iskar hadarin farkon damina ke tasowa da ƙarfi.

Raunin reshe yakan samo asali ne daga mahaɗa, wato wurin da rassa biyu suka rabu. Idan mahaɗar ta buɗe sosai, itacen ɓangarorin biyu yakan saƙu da juna ya yi ƙwari, amma idan ta matse, rassan suka tashi kafaɗa da kafaɗa, sai ɓawo ya maƙale a tsakaninsu ya hana su haɗuwa, ta yadda mai kallo daga ƙasa zai ga kamar jiki ɗaya ne alhali jingine kawai suke da juna. Irin wannan mahaɗa ce ake ɗaura wa igiyar ƙarfe, wato siraran wayoyi da aka tufka wuri ɗaya, domin kowane reshe ya ɗauke wa ɗan'uwansa wani kaso na nauyi.

Masana kula da itatuwa sun daidaita kan cewa a ɗaura igiyar a kusan kashi biyu cikin uku na nisan da ke tsakanin mahaɗa da ƙarshen reshe. Dalili shi ne, duk lokacin da maɗaurin ya yi nesa da mahaɗa, ƙarfi kaɗan ya isa ya riƙe nauyi mai yawa. Wanda ya ɗaura dab da mahaɗa kuwa ya jibga wa igiyar kayan da ba za ta jure ba.

Babban kuskuren da ake gani a lambuna, wanda kuma ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne naɗe waya a jikin reshe. A ƙarƙashin ɓawo akwai siririn sashe mai rai wanda ke ƙara wa itace kauri kowace shekara, kusa da shi kuma akwai hanyoyin da abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa. Yayin da reshe ke kauri, wayar takan nutse ta shaƙe waɗannan hanyoyi, sai reshen da ake son ceto ya bushe ko ya karye a daidai wurin ɗaurin, kuma saka wayar cikin tiyo jinkirta ɓarnar kawai yake yi. Saboda haka ƙwararru kan huda reshen su zura noti mai kan zobe, su ɗaure shi ta baya, sannan su maƙala igiyar a zoben. Hujin kan tsorata mai lambu, amma binciken da masanin gandun daji na Amurka Alex Shigo ya wallafa a 1977 ya nuna cewa bishiya killace rauni take yi ta kewaye shi da sabon itace, don haka ƙaramin huji a lafiyayyen reshe ya fi shaƙewa sauƙi nesa ba kusa ba. Reshen da ya riga ya ruɓe ta ciki ba ya riƙe noti, sarewa ce maganinsa.

Ga ƙananan itatuwa irin su gwaba da lemo da mangwaron aure, tokara reshe da gwafa ya wadatar, muddin an shimfiɗa tsumma ko roba a bakinta kuma an cire ta bayan girbi. Rage 'ya'ya tun suna ƙanana da datse dogayen rassa su ma suna sauke nauyin tun daga tushe. Inda kuwa aka sa igiya, wajibi ne a riƙa duba ta kowace shekara kafin faɗuwar damina, a ga ko ta yi tsatsa ko ta saki, domin bishiyar na ci gaba da girma, kuma maɗaurin da ya dace bana zai iya zama ƙasa da inda ya kamata bayan 'yan shekaru.