Kankare da Iskar Hunturu

Daga Salaga zuwa Yendi har Bawku, gine-ginen siminti suna ta maye gurbin na laka, amma da yawansu tun ba su tsufa ba suke tsagewa. Sabon kankare yana buƙatar ban-ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 injiniyoyi ke auna ƙarfinsa. Iskar hunturu kuwa nan da nan take tsotse danshinsa, sai ya tsage. Ta wannan tsagar ruwan damina ke shiga, rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓantare kankaren. Kwalbatocin kankare na yankin Bawku ma suna fama da ambaliya idan Burkina Faso ta saki ruwan madatsar Bagre. Magina, don Allah ku lulluɓe sabon zubi da jiƙaƙƙen buhu, ku guji yashi mai laka.