Ƙala'at an-Nahal: Da Me Za a Auna Taimako?

Garin Ƙala'at an-Nahal a jihar Gadarif ya saba da baƙi. Fiye da shekara 50 ke nan da aka tsugunar da 'yan gudun hijirar Eritiriya a yankin, kuma duk kaka leburori kan kwararo jihar domin yankan riɗi da dawa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara tunkuɗo jama'a, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar.

Cikin masu gudun akwai masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda suka baro asibitocinsu da katunansu. Maganin cutar kullum ake shan sa. In aka yanke, ƙwayar cutar ta farfaɗo, har takan daina jin magani. Ga kuma cutar kala-azar, wadda ta yi katutu a Gadarif, tana saurin kayar da mai raunin garkuwa.

Saboda haka rahoton taimakon da ya tsaya ga ƙirga taruka da buhunan da aka raba bai gamsar ba. Ya kamata mai bin diddigi ya tambaya: cikin waɗanda aka ɗora kan magani bara, nawa ne ke karɓa har yau? Nawa aka auna jininsu aka ga cutar ta lafa? Marayan da aka rubuta sunansa, yana aji ko yana gonar wani?

Amsar na wajen iyaye mata da kakanni masu riƙon yaran, kuma a keɓe za a tambaye su, domin tsoron tsangwama na hana da yawa buɗe baki a gaban mutane.