Ɗakin Gwaji a Allon Kwamfuta



A shekarar 2002, Carl Wieman, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado ta Amurka, inda ɗalibi zai yi gwajin kimiyya a kwamfuta ko da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji. Kyauta ne, jama'a, kyauta.

Yaro zai jawo batir a allon kwamfuta, ya jona masa waya da ƙwan lantarki. Ƙwan ya kama. Ya ƙara batir, haske ya ƙaru. In ya jona waya kai tsaye ba ta bi ta ƙwan ba, batir ya kama da wuta, amma ba wanda ya ƙone.

Malami zai sauke gwajin sau ɗaya, ya yi ta koyarwa ba intanet. Malamanmu na sakandare, ku jarraba shi.

Mu kwana nan.