Gyambon Ciki da Kogon Haƙori



Muna makaranta mun ɗauka yunwa ke kawo olsa. Ni ma na shekara ina jiƙa kanwa a gidanmu na Unguwar Gano, kafin gwaji ya nuna ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu, Warren da Marshall, suka gano a Ostareliya a 1982. Da na sha magani, sai aka tura ni wurin likitan haƙori, domin ƙwayar takan ɓuya a dattin haƙora da kogonsu.

Saboda haka mai fama da ciki ya je a gwada shi, ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da mu. Ya rage alewa, ya riƙe asuwaki safe da dare.