Rubutu Ɗaya, Furuci Uku

'Yan'uwana mata, na cikin garin Daura da na Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu. Yau maganarmu a kan haruffa biyu ce kacal na Turanci, wato "ed", waɗanda suka sha kayar da 'ya'yanmu a jarrabawa.

Bari in fara da kaina. Lokacin ina jami'a, ana koya mana karanta labarai, sai na ci karo da kalmar "asked". Na buɗe baki na ce "askid". Malamin ya tsayar da ni, aji ya kwashe da dariya. Ranar na san cewa shekara da shekaru idona nake bi, ba kunnena ba.

To ina matsalar take? A Hausa, idan abu ya wuce, aikatau ba ya canzawa. Mukan ce na dafa, ta dafa, sun dafa. Shi kuwa Bature a wutsiyar kalma yake nuna hakan: "cook" ta koma "cooked". Ga shi kuma harshenmu bai saba jera baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, wasali muke sakawa. Shi ya sa "bucket" ta zama bokiti, "brake" ta zama birki. Don haka yarinya ko dai ta ce "kukid", ko ta yar da wutsiyar gaba ɗaya, mai sauraro ya kasa gane jiya aka yi girkin ko kullum ake yi.

Ku gyara zama, ƙa'idar ba ta da wuya. Rubutun ɗaya ne, amma furucin uku ne.

Na farko, idan kalmar ta ƙare da sautin "t" ko "d", a nan ne kawai ake ƙara gaɓa, a ce "id". Misali "wanted" da "needed" da "visited". Ku tafa hannu: "want" tafi ɗaya, "wanted" tafi biyu.

Na biyu, idan ta ƙare da sautin da iska ce kawai ke fita, irin su p, k, f, s, sh da ch, to sai a ji "t". "Cooked" a ce "kukt". "Washed" a ce "wosht". "Passed" a ce "past". Tafi ɗaya ne, ba ƙari.

Na uku, duk sauran "d" ake ji, kamar "played" da "called" da "opened".

Yaya za ki bambanta na biyu da na uku? Ɗora yatsunki a maƙogwaro. Ce "sss", babu motsi. Ce "zzz", kin ji yana kaɗawa? In bai kaɗa ba, "t" ne. In ya kaɗa, "d" ne. Wadda ta yi tajwidi a Islamiyya ba baƙon abu ba ne a wurinta, domin ta san haruffan hamsi, irin su fa'un da sinun da shinun, waɗanda numfashi ke gudana da su.

A kula, sauti ake bi ba rubutu ba. "Laughed" da "gh" ake rubuta ta, amma "f" ake ji, saboda haka "laft" ce. Akwai kuma 'yan kalmomi irin su "wicked" da "naked" da ake ce musu "wikid" da "nekid", don su siffa ce, ba aikin da ya wuce ba.

Wata za ta ce, to ni ina ruwana? Da ruwanki, uwar gida. A jarrabawar WAEC akwai takarda ta uku ta Turanci, mai tambayoyi 60 duk a kan sauti. A takarda ake amsawa, amma wadda ba ta iya faɗa daidai ba, ba za ta iya zaɓa daidai ba. Kuma babu kiredit a Turanci, babu shiga jami'a, ko da kuwa ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya nan a ƙofar gidanmu, wadda aka aza harsashinta a 2019. Maki biyu ko uku kan jawo yarinya ta sake zaman shekara guda a gida, wata ma daga nan karatun ya tsaya ke nan.

Ba sai kin yi boko ba kafin ki taimaka. Yau da dare bayan an ci tuwo, kira ɗiyarki, ta faɗi abubuwa biyar da ta yi yau da Turanci. Ke dai ki sa kunne kina ƙirga tafi. In kika ji "woshid" ko "kukid", ki ce ta ɗora hannu a maƙogwaro ta sake. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan zan dakata. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su sa'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.