Tsakanin "Idan" da "Da": Koyar da Jimlar Sharaɗi a Turanci



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani lungu na nahawun Turanci da ke cinye wa ɗalibanmu maki a jarrabawar WAEC da ta NECO, wato zaɓen lokacin aikatau a jimlar sharaɗi, wadda ake ginawa da kalmar "if". Kowa a nan ya san ɗalibin da ya rasa kiredit a Turanci da wuya ƙofar jami'a ta buɗe masa, komai ƙwazonsa a lissafi. Saboda haka maganar ta shafi malamai, ta kuma shafi iyaye.

Abin da muke so mu tafi da shi ɗaya ne: aikin da Hausa ke ɗora wa kalmomin "idan" da "da", Turanci kan ɗora shi ne a kan aikatau. Bahaushe ƙofa biyu gare shi. In abu na iya faruwa, sai ya ce, "Idan Audu ya dage, zai ci jarrabawa." In kuwa abin bai faru ba, sai ya ce, "Da Audu ya dage, da ya ci." Shi kuwa Bature ƙofarsa ɗaya ce, "if". Don ya nuna wannan bambanci, sai ya riƙa jan aikatau baya taki-taki. Iya nisan magana da zahiri, iya ja da bayan aikatau.

Mu dubi jimla uku da malami zai iya rubutawa a katin sakamakon yaro. Ta farko: "If Audu works hard, he will pass." Aikatau yana lokacin yanzu, kuma saƙon fata ne: dama tana nan. Ta biyu: "If Audu worked hard, he would pass." An ja taki ɗaya baya. Siffar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma maganar ta yau ce: Audu ba ya dagewa, malamin kuma bai sa rai sosai ba. Ta uku: "If Audu had worked hard, he would have passed." An ja taki biyu, bakin alƙalami ya bushe, Audu ya riga ya faɗi. Uban da ya karanta ta farko zai ƙara wa ɗansa ƙarfin gwiwa. Wanda ya karanta ta uku kuwa sai ya fara neman kuɗin sake jarrabawa.

To, ina yaranmu ke tuntuɓe? Wuri na farko daga Hausa ya samo asali. Mukan ce "idan ya zo gobe", da shuɗaɗɗen lokaci, alhali goben ba ta zo ba. Sai yaro ya kwashi wannan tsari ya rubuta "If he came tomorrow, I will tell him." Daidai shi ne "If he comes". Wuri na biyu, yaron ya ga maganar gobe ce, sai ya rubuta "If he will come", bai san a irin wannan jimla "will" a ɓangaren sakamako yake zama ba. Wuri na uku, "da" ɗinmu ɗaya ne ga abin yanzu da abin da ya wuce, Turanci kuwa ya raba su. "Da ni ne kai" maganar yanzu ce, shi ya sa ake cewa "If I were you". "Da na sani" maganar baya ce, shi ya sa ake cewa "If I had known".

Shawararmu ita ce kada mu fara da haddar jadawali a allo. Mu sa yaro ya faɗi abin da yake nufi da Hausa tukuna, sannan mu yi masa tambaya biyu. "Idan" ka ce ko "da"? In "idan" ne, ya bar aikatau a lokacin yanzu. In "da" ne, maganar yanzu ce ko an wuce wurin? In ta yanzu ce, taki ɗaya. In an wuce wurin, taki biyu. Iyaye ma za su iya yin waɗannan tambayoyi a gida, ko da Turancinsu bai yi zurfi ba, tun da Hausar tasu ce.

Magabata sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Mu koyar da wannan darasi tun daga ƙaramar sakandare, domin jimlar da za mu rubuta a katin ɗalibanmu ta kasance irin ta farko.