Daɓen Siminti Mai Kala: Aikin Haƙuri Ne

 Yau zancenmu a kan ƙasan ɗaki ne.

A da, iyayenmu su ke yin daɓensu da kansu. A taru da madaɓai, a daɓe ƙasa, a yayyafa mata ruwan makuba ta ɗorawa har ta yi ƙarfi ta yi duhu. Yanzu siminti ya karɓe, amma kada ki ce aikin ya zama na magini shi kaɗai. Shi zai shafe ya tafi, ke za a bari da ɗakin.

In kina son jan daɓe, ki gaya wa maigida tun kafin a kwaɓa. Garin kala ake sayowa, a gauraya shi da siminti a bushe sosai, sannan a zuba ruwa a shafe saman daɓen. Buhun siminti kilo 50 ne, kada kalar ta wuce kilo 5 a buhu. In ta yi yawa, daɓen zai yi rauni.

To, ga naki aikin. Siminti ba bushewa yake so ba, danshi yake so kafin ya yi ƙarfi. Daga washegari ki riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, ko ki rufe shi da leda. Musamman da hunturu, lokacin da iska ke shanye ruwa nan da nan. Daɓen da aka bari ya bushe da wuri shi ne yake tsattsagewa, yana ta fitar da gari, kina shara ba ya ƙarewa, yaro mai rarrafe yana shaƙa.

In kuwa tsohon daɓe ne za a yi wa fenti, a wanke shi tas, a cire maiƙo, a cike ramuka. Sabo kuma a jira kwana 28. Kafin a shafa, ki gwada: ki shimfiɗa leda a ƙasa, ki manne gefunanta da salatif, ta kwana ta wuni. In kin ga gumi a ƙarƙashinta, a dakata, don fenti a kan danshi ɓarewa yake yi, kuɗi sun tafi a banza.

Ki ce wa maigida ya nemi fentin ƙasa wanda ba shi da dalma, domin gubarta na cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ranar shafawa a buɗe tagogi, a fitar da yara, kada a kunna risho ko fitila a kusa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, a bar na farko ya bushe tukuna.

Bayan nan, tsumma mai ɗan danshi ya isa, sai man goge daɓe jefi-jefi. Kada a ja gado ko akwati a kai, a ɗaga.

Uwargida, haƙurin mako huɗu ya fi gyaran kowace shekara. Sai mun sake haɗuwa, a gaida yara.